Lambun gida ya shekara uku ba kulawa: ta ina za a fara kafin damina ta sauka?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Tudun Wada, Gusau. Mun dawo gidan gado bayan rasuwar surukata. A bayan ɗakuna akwai lambun da take kula da shi, amma ya kai shekara uku ba wanda ya taɓa shi. Akwai gwaiba biyu, lemun tsami ɗaya, zogale da ya yi tsawo, da gwanda da ta daina haihuwa. Ƙasar ta yi tauri, ciyawa ta bushe a kai, ruwa kuma saye muke yi. Yanzu muna farkon Afrilu, na sayo irin tumatir, latas da karas. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya jiƙan Mama, Ya sa abin da ta shuka ya zame mata sadaka mai gudana.

Zan fara da abin da ba lalle ya yi miki daɗi ba: irin da kika sayo ba yanzu ne lokacinsa ba. Tumatir, latas da karas kayan sanyi ne a ƙasarmu. A Afrilu zafin Gusau yakan kai digiri 40 har ya wuce, shi kuwa tumatir da zarar zafi ya haura 35 furensa kakkaɓewa yake yi, ki ga ganye shar amma babu ɗa. Irin latas ba ya ma son tsirowa a ƙasa mai zafi, wanda ya daure ya fito kuma nan da nan zai yi kara ya yi ɗaci. Da damina kuwa laima da cututtukan ganye ke cinye tumatir. Shi ya sa masu lambun rani, irin na Bakolori a Talata Mafara, suke jira sai damina ta ɗauke su yi reno, su dasa da shigowar sanyi. Ki zuba irin a kwalba mai murfi, ki ajiye a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da madafi, sai wajen Oktoba.

Ga mai sayen ruwa, bazara lokacin gyara ne. Kin kuma yi tambayar a kan gaɓa, don kina da kamar mako takwas zuwa goma kafin ruwa ya zauna. Ranar nan da kowa ke kuka da ita za ta yi miki rabin aikin in kin san inda za ki saka ta.

Kafin ki ɗauki fartanya ki yi lissafin ruwa, domin shi zai yanke girman lambun, ba faɗin filin ba. A irin wannan zafi, ƙasa mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya tana shan lita 6 zuwa 8 kullum in akwai ganye a kanta. Ke nan fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 3 jarka guda yake ci kowace rana. Ki ɗauki kuɗin jarka a wajen 'yan garuwan unguwarku, ki ninka sau 30, sannan ki tambayi kanki fangali nawa aljihu zai riƙe daga Nuwamba har Mayu, lokacin da sama ba ta ba da komai. Yawancin lambunan gida da nake gani sun mutu, ba ƙwari ne suka kashe su ba. An buɗe wuri da ɗoki a damina, rani ya zo ruwa ya gagara, aka raba jarka biyu ga fangali takwas, duka suka bushe tare. Bana ki tsaya a fangali uku ko huɗu. Sauran filin, in ruwa ya sauka ki zuba masa wake ko gyaɗa, su rufe ƙasa su ƙara mata ƙarfi, ki kuma samu harawa.

Sharar wurin da sassafe ake yin ta, da takalmi mai rufi. Wurin da ya shekara uku shiru ya samu masu gida: ƙarƙashin tulin ganye, tsofaffin bulo da fasassun tukwane nan kunama ke kwana, wani lokaci har kububuwa. A juya komai da sanda ko manjagara kafin a kai hannu, kuma wannan aikin ba na yara ba ne. Leda, gwangwani, fasasshiyar kwalba da tsohon batir a fitar da su daga gidan gaba ɗaya. Amma busasshen ganye da ciyawa kada ki bari a cinna musu wuta. Na san al'ada ce, mai shara yana gamawa ashana yake nema. Abin da wuta ke yi shi ne ta tura mafi amfanin abincin ƙasa sama cikin hayaƙi, ta bar miki 'yar toka. Ganyen nan shi ne rufin fangalinki, shi ne kuma takinki na gaba. Abin ƙonawa kawai ciyawar da ke ɗauke da 'ya'ya, irin su ƙarangiya, tsidau da kashin yawo, sai reshen da cuta ta kama.

Ciyawa biyu ne za su ba ki wahala in suna nan: aya-aya da kiri-kiri. Su ba a sama ransu yake ba. Aya-aya tana da 'yan ƙwayoyi a ƙarƙashin ƙasa, kiri-kiri kuma kowace gaɓa ta saiwarsa da ta gutsure tsiro ce sabuwa, shi ya sa noma da fartanya a damina ƙara yaɗa su yake yi. Yanzu ne lokacinsu. A kafce wurin da zurfi, a juyo ƙasar sama, a bar ta a rana mako guda, a sake juyawa, a riƙa tsince abin da ya fito. Ƙwayar aya-aya in ta bushe ƙamas a rana ba ta sake tashi. Ba za ki gama da ita a shekara ɗaya ba, amma za ki rage ta sosai ba tare da kin sa maganin feshi a gidan da yara ke wasa ba.

Yanzu itatuwan, waɗanda su ne ainihin dukiyar wurin. Alayyafo mako uku ya ishe shi, amma lemun da ya kai haihuwa shekaru aka zuba masa. Kada ki yanke hukunci da ganin ganye, don a bazara itace mai ƙishi yakan zubar da ganye ya yi kamar ya mutu. Ki sa farce ko bakin wuƙa ki ɗan kankare bawon reshe. In kika ga kore mai danshi a ƙarƙashi, da rai. In ruwan ƙasa ne busasshe, ki sauko ƙasa kaɗan ki sake gwadawa, har ki iso inda kore ya fara; nan ne wurin yanka. Da zarto ko adda mai kaifi ake yi, yanka ɗaya sumul a karkace, ba sara-sara da ke farfasa reshe ruwa ya kwanta a ciki ba.

Gwaiba tana son aski, domin a sabon reshe take fure. Ki cire busassu, da waɗanda suka giciye suna gugar juna, da tohon da ya fito daga gindi, ki buɗe tsakiyarta iska da haske su shiga. Amma ko ita kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku a lokaci guda. Lemun tsami kuwa a tausaya masa. Busasshen reshe kawai za ki cire yanzu, don in aka tsiraita shi a wannan rana bawonsa ƙonewa yake yi ya tsage. In lemun mai aure ne, wato wanda aka haɗa reshen wani iri a kan gindin wani, ki duba ƙasa da wurin auren: duk tohon da ya fito daga can na uwar gindi ne, yana shanye ƙarfin itacen a banza, a cire shi. Ki ɗaga kai kuma ki duba kauci. Shi ba a tsinke shi a bar reshen, tunda saiwarsa cikin itacen take. Reshen ake yankewa daga ƙasa da inda ya kama.

Zogale kada ki ji tausayinsa. Ki sa a sare shi daidai ƙugu, kamar mita ɗaya daga ƙasa. Da ruwa ya sauka zai fito da rassa da yawa a inda hannu ke kaiwa, maimakon dogon sanda mai ganye a can sama sai an nemo gora. Rassan da aka sare masu kauri kuma iri ne: a yanka su tsawon mita guda, a binne kashi ɗaya cikin uku a gefen katanga gab da saukar ruwa.

Gwanda kam ta gama aikinta. Shekara uku zuwa huɗu take haihuwar kirki, daga nan sai tsawo da ƙananan 'ya'ya. A tumɓuke ta, ki shuka sabuwa da damina, ƙwaya uku a rami, in sun yi fure ki bar mata ki rage maza. Namiji ɗaya ya ishi mata kusan goma, kuma kafin shekara ta zagayo za ki ci. Amma in an tumɓuke tsohuwar kada a yar sai kin duba saiwarta, zan gaya miki dalili a gaba.

Game da shayar da itatuwan, akwai kuskuren da ya zama ruwan dare: a tara ƙasa a jikin gindi, a yi ɗan rami a nan a riƙa zuba ruwa kullum. Saiwar da ke shan ruwa ba a gindi take ba, tana can daidai inda inuwar itacen ta ƙare da tsakar rana. Can za a zagaya da kwari kamar zobe. Lemu musamman, in ruwa yana kwanciya a jikin gindinsa, bawon yakan ruɓe ya fara tsatso ƙaro, daga nan sai ganye ya yi rawaya itacen ya tafi a hankali. Jarka biyu ko uku a zoben sau ɗaya a mako sun fi kofi-kofi kullum, don ruwan zai nutsa ya ja saiwa ƙasa. Sai ki rufe zoben da busasshen ganyen da kika tara, kauri kamar yatsu huɗu, ki bar tazarar taƙi ɗaya tsakaninsa da gindi saboda gara. In gara ta riga ta yi gini a jikin bawo, a kankare. Itacen da ya samu ruwa ya murmure ba ta cika damunsa ba.

Takin zamani kada ki kusantar da shi yanzu. Itacen da ya daɗe da yunwa da ƙishi kamar mai jinya ne, da kunu ake fara masa ba da tuwo ba. Takin zamani gishiri ne, a busasshiyar ƙasa saiwa yake ƙonawa. Ruwa da ruɓaɓɓen takin dabbobi tukuna. In damina ta zauna, sai ki zagaya zoben kowane itace da cikin gwangwanin madara ɗaya ko biyu na NPK 15:15:15, ki rufe da ƙasa, ki maimaita a Agusta.

Sai ƙasar kanta. Taurin da kike gani galibi ɓawo ne na sama: shekara uku ruwan sama yana dukanta tsirara, rana tana gasa ta, ƙafa tana takawa. Don ki san abin da ke ƙarƙashi, ki sa a haƙa rami zurfin kamu ɗaya a inda kike son fangali, a cika shi da ruwa, in ya tsotse a sake cikawa. Cikawa ta biyu ce ke faɗin gaskiya. In ruwan ya ɓace nan take, jigawa ce, ba ta riƙe ruwa ko taki, tana buƙatar takin gargajiya da yawa da rufi. In ya ɗauki awa biyu zuwa huɗu, kin dace. In kika dawo da yamma kika iske shi yana nan, laka ce ko akwai marmara a ƙasa, kuma a Agusta wurin tafki zai zama.

Wannan ya kawo mu ga siffar fangali, inda mutane ke kwaikwayon masu lambun rani su yi asara. Fangalin rani mai kwari ne, an yi shi ya tare ruwa. Na damina a cikin gida tudu ake yi, a ɗaga shi kamar taƙi ɗaya, don gidajenmu na gari duk ruwan kwano a tsakar gida yake sauka. Ki tsaya ki dubi inda indararo ke zubowa da inda rariya take, kada fangali ya tare hanyar da ke tsakaninsu. Faɗinsa kada ya wuce mita ɗaya, yadda hannu zai kai tsakiya daga kowane gefe ba sai an taka ba. Ki zaɓi inda rana ke samu aƙalla awa shida. Kuɓewa da barkono ba sa yi a inuwa, alayyafo da lalo suna ɗan haƙuri. In akwai darbejiya kusa, ki nisanta, saiwarta tana zuwa sata daga nesa.

Inda ya zama fako sosai, har diga na tashi, kada ki biya kuɗin kafce shi duka. Ki yi abin da manoman yankin Tawa a Nijar suke yi wa matacciyar ƙasa, wato tassa: ƙananan ramuka, faɗi da zurfi kamar taƙi ɗaya, tsakaninsu taku guda, a zuba taki cikin hannu biyu a kowanne tun yanzu. Gara za ta zo cin takin ta huda ƙasar da ramukanta, ruwan farko ya taru a ciki ya nutse. A nan za ki sa kabewa, yakuwa ko wake.

Akwai tambayar da ba zan yi wa mutumin wata jiha ba amma dole in yi wa na Zamfara. An taɓa daka ko wanke dutsen zinare a gidan, ko an taɓa ciko da ƙasar da aka kwaso daga wurin da ake wannan aiki? A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kuma daga ƙurar dutsen da ake niƙawa a cikin gidaje ta fito. Dalma ba ta ruɓewa, ba ta da wari, ido ba ya ganinta, tana nan a ƙasa shekara da shekaru, ganye kuma yana ɗaukar ƙurarta zuwa tukunya. A tsakiyar Gusau abin bai cika faruwa ba, amma ki tambayi dattawan gidan, har da ko an taɓa gyaran batirin mota a wurin. In amsar e ce, kada a shuka abin ci a wannan ƙasa. A yi lambun a buhuna da ƙasar da aka ɗebo daga wuri mai tsabta, a kuma kai yaran gidan asibiti a gwada jininsu, wannan ma ya fi lambun muhimmanci. Saboda irin wannan ne ba na son takin bola na cikin gari, duk da arharsa: batir, leda da abin da ba a sani ba duk suna ciki.

Takin da nake so ki nema shi ne tsohon kashin awaki, tumaki ko shanu wanda ya kwana biyu a turke, ya yi baƙi, yana marmashewa a hannu, warinsa ya koma na ƙasa. Bokiti ɗaya ga kowane mita biyu na fangali, a cakuɗa da ƙasar sama. Ɗanyen kashin kaji yana da ƙarfi amma yana ƙona shuka, kuma ɗanyen taki kowane iri bai dace da ganyen da za a ci nan da wata ɗaya ba. In ɗanye kika samu, ki haƙa rami a inuwa, ki jera busasshen ganye, taki, ɓawon kayan miya da 'yar ƙasa, hawa-hawa, ki yayyafa ruwa ya yi danshi ba jagab ba, ki rufe da tsohuwar tabarma. Bayan kwana uku ki cusa sanda tsakiya ki zaro. In ta fito da ɗumi, aiki ya kama. A juya duk mako biyu, wata biyu zuwa uku ya nuna. Zafin da yake ɗauka yana kashe da yawa daga 'ya'yan ciyawar da ke cikin kashin dabbobi. Tokar murhu tana da amfani, amma barbaɗawa ake yi sama-sama, kuma kada a haɗa ta da yuriya, tana sa ƙarfin yuriyar ya tashi iska.

Na ce ki duba saiwar gwanda. In kika ga ta yi ƙulli-ƙulli kamar kumburi a jikin saiwar, akwai wata tsutsa a ƙasar wadda ido ba ya gani, kuma ita ce ke sa kuɓewa da tumatir su tsugune, su yi yaushi da rana ko da an ba su ruwa. Maganinta mafi arha yanzu yake samuwa. A gyara fangalin, a jiƙa shi sosai sau ɗaya, a shimfiɗa farar leda mai nuna ciki, a binne bakinta ta kowane gefe kada iska ta shiga, a bar ta mako huɗu zuwa shida. Ranar Afrilu da Mayu za ta dafa ƙasar sama, tsutsar da 'ya'yan ciyawa da yawa su mutu. Baƙar leda ba ta kai fara zafi a wannan aiki. In ba ki samu yin haka ba, bana ki sa masara ko gyaɗa a wurin, kuɓewa ta koma wani gefe.

Shinge kuma kafin shuka ake yinsa, ba bayan akuya ta shiga ba. Zana ko dangar kara ta isa a fara. Tsohon gidan sauro yana tare kaji da ƙadangaru, waɗanda su ne ke cinye tsiro tun yana ganye biyu. In kina son shinge mai rai ki jera lalle ko zogalen nan. Bini-da-zugu yana yin shinge mai kyau, amma 'ya'yansa guba ne kuma yara suna ɗaukarsu gyaɗa, ban ba da shawararsa a cikin gida ba.

Wajen ruwa, akwai wanda kike zubarwa kullum da zai yi aiki. Ruwan alwala, na wankin shinkafa da na kayan miya duk a tara su a bokiti a kai wa itatuwa. Ruwan wanki mai omo ko bilic kada ya je fangali, gishirinsa yana taruwa ya ƙara wa ƙasa tauri. Wanda ya fito daga makewayi kuma bai halatta ga ganyen ci ba. In da hali ki sa a ɗaura mazurari a bakin kwano zuwa tanki ko duro kafin damina. Lissafinsa mai sauƙi ne: ruwan sama milimita ɗaya a kan mita ɗaya na kwano lita ɗaya ne, don haka rufi mai mita 50 a ruwan milimita 20 lita 1,000 zai ba ki, jarka 40 ke nan. Ruwan farko a bar shi ya wanke ƙura, tankin kuma a rufe shi saboda sauro. Wata dabarar da ta dace da mai sayen ruwa ita ce binne tulun ƙasa marar fenti har wuya a tsakiyar fangali, a cika shi a rufe baki. Yana tsatsowa a hankali, shukar da ke kewaye tana sha, rana ba ta samun rabonta.

Ranar shuka kada yayyafin farko ya ruɗe ki. A nan yakan zo a Mayu ya ɗauke mako biyu, tsiron da ya fito ya ƙone. A Gusau galibi sai cikin Yuni ruwa ke zama. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen saukar damina a farkon kowace shekara, ana kuma faɗa a rediyo, amma gwajin hannu ya fi kusa: in an yi ruwa biyu ko uku a jere, kika tona zurfin taƙi ɗaya kika iske danshi har ƙasa, ki shuka. Kafin nan ki gwada duk irin da za ki sa, musamman in kin tsinci wanda Mama ta ajiye a ƙulli. Ƙwaya 10 a jiƙaƙƙen tsumma, ki naɗe ki ajiye a inuwa, ki duba bayan kwana biyar zuwa bakwai. In bakwai suka tsiro, iri ne. In uku ne, ki nemi wani.

Abin da zan sa a fangalin farko alayyafo ne, don mako uku zuwa huɗu ake fara yanka, kuma ganin kore da wuri yana ƙara wa mai lambu ƙwazo. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, a gauraya da yashi kafin a watsa, in ba haka ba zai fito cunkus. Kada ki shuke fangalin rana ɗaya. Rabi yau, rabi bayan mako biyu, don kada ya zo miki gaba ɗaya ya tsufa. Lalo irinsa yana da taurin kai: a ƙulla shi a tsumma a tsoma a ruwan zafi kamar daƙiƙa goma, a shanya ya sha iska, sannan a shuka. Kuɓewa a jiƙa ta kwana ɗaya, ƙwaya biyu a rami, tsakanin ramuka kamu ɗaya. Wajen kwana 50 zuwa 60 za ta fara, kuma sai ana tsinka duk kwana biyu ko uku take ci gaba da haihuwa, in aka bar 'ya'ya suka ƙosa a jiki sai ta tsaya. Yakuwa da rama a gefen katanga, ba sa neman kulawa. Kabewa a ba ta kusurwa ta hau danga. Attarugu da barkono su kaɗai za ki iya fara renonsu tun tsakiyar Mayu a tsohon baho mai huji a inuwa, tunda sai sun yi mako biyar zuwa shida ake dasawa, ruwan da baho ɗaya zai ci kuma ba wani abu ba ne. Dashe da yamma ake yi. Ɗoɗɗoya da na'a-na'a a tsofaffin bokitai kusa da madafi.

Ƙwari za su zo, musamman masu huda ganyen kuɓewa, da darɓa, da farin ƙuda a bayan ganye. 'Yan huji kaɗan ba sa hana kuɓewa haihuwa, kada ki tayar da hankali. In abin ya yi yawa, 'ya'yan darbejiya sun isa: a bushe su, a ɓare, a daka ƙwayar, rabin kilo a lita 10 na ruwa, ya kwana, a tace da tsumma, a narka ɗan sabulun wanki a ciki don ya kama ganye. Da yamma ake fesawa, sama da ƙasan ganye, sau ɗaya a mako, kuma a haɗa sabo kowane lokaci don ba ya ajiyuwa. Ba ya kashe ƙwaro nan take, hana shi ci da hayayyafa yake yi, saboda haka sai bayan kwana biyu-uku za ki ga bambanci. Fiya-fiya da sauran magungunan da ake sayarwa a kwalabe marasa suna kada su taɓa ganyen da za ki yanka jibi. In har ta kai ga sayen magani, ki tsinki ganyen da abin ya kama ki kai wa malamin gona na ADP, hukumar bunƙasa aikin gona ta jiha, ya gani tukuna, ki kuma karanta a jikin kwalbar kwana nawa aka ce a jira tsakanin feshi da tsinka.